Wa'azin da ba ya kaiwa kujerar baya: nazarin wata ƙaramar ikkilisiyar Hausa a Agege

A wani lungu da ba shi da nisa da titin jirgin ƙasa a Agege, a Legas, akwai ikkilisiyar da ke sujada da Hausa kowace Lahadi. Ɗakin haya ne, tsohon wurin ajiyar kaya, dogo marar faɗi, rufin kwano ba silin, tagoginsa biyu duk a gefe ɗaya. Kujerun roba 80 ne a ciki, kuma ba kullum suke cika ba. Fasto ɗaya ne, da dattawa huɗu, da magatakarda, da ma'aji. An bar sunan ikkilisiyar da na mutanenta, domin abin da ya same su ba nasu ba ne su kaɗai. Duk wanda ya san ƙananan majami'un 'yan Arewa a Legas zai gane fuskar lamarin.

Yawancin masu zuwa ba da Hausa aka yaye su ba. Akwai mutanen Filato da na Kudancin Kaduna, akwai Tangale daga Gombe, Sayawa daga Tafawa Ɓalewa, Kilba da Margi da Bura daga Adamawa da Borno, sai gidaje kaɗan na Hausawa Kirista daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau. Hausa ce ta haɗa su, kuma ba haɗuwar jiya ba ce. Masu bisharar da aikinsu ya haifi ikkilisiyar ECWA, wato Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, a nan Legas suka sauka a Disambar 1893 suna neman hanyar Arewa. Aikin da ya zama ikkilisiyar COCIN ya fara a Wase a 1904, na ikkilisiyar EYN kuma a Garkida a 1923. Da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sai ya zama da ita ake koyon karatu, da ita ake horar da masu bishara, da ita ake waƙa a ƙauyukan da kowanne ke da yarensa. Shi ya sa dattijon da ya baro Billiri shekara 30 da suka wuce, in zai yi addu'a daga zuciya, da Hausa take fitowa. 'Ya'yansa da aka haifa a Agege kuwa Turancin buroka da Yarbanci ne a bakinsu, Hausar tasu ta gaisuwa ce da aike.

Sana'o'in mutanen ma suna cikin lamarin: masu gadin dare, mata da 'yan mata masu aikin gida, 'yan acaɓa da masu keke, 'yan dako da masu sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, leburorin gini.

Koken da ya zo gaban dattawa

Matasa ne suka fara magana. Sun ce a mayar da sujada Turanci, ko a raba ta biyu, domin ba sa gane wa'azi. Iyaye mata suka ƙi. A ganinsu majami'un Turanci a Legas ba sa ƙirguwa, kowane layi akwai, don haka in Hausa ta tafi, abin da ya kawo su wannan ɗakin ya tafi ke nan. Fasto ya yi abin da yawancin fastoci za su yi, ya ɗauko wani matashi mai jin harsunan biyu ya tsayar da shi kusa da mumbari ya zama tafinta.

Bayan 'yan watanni sai abin ya ƙara dagulewa. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya tun kafin Fasto ya kai tsakiyar wa'azi. Kujerun baya suka zama wurin gyangyaɗi. Alamar da ta fi damun dattawa ita ce ta ranar Laraba: a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, in aka tambayi daga wane littafi aka yi wa'azi ranar Lahadi, sai a yi ta kallon juna, har da manyan da suke jin Hausa sarai. Wannan ne ya nuna cewa matsalar ta wuce harshe.

Abin da agogo ya nuna

Wani daga cikin dattawan ya zauna a kujerar ƙarshe Lahadi huɗu a jere da takarda da biro, yana rubuta lokacin da kowane abu ya fara da lokacin da ya ƙare. Sujadar da aka sa ƙarfe 9:00 takan fara wajen 9:25, ana jiran a taru. Addu'ar buɗewa da waƙa daga Littafin Waƙoƙi suna cin minti 15. Ƙungiyoyi biyar, wato Zumuntar Mata, mawaƙa, Sabon Rai (masu fita bishara), matasa da yara, kowacce waƙa biyu, in aka haɗa da fitowa da jeruwa da komawa, minti 50. Sanarwa da karanta wasiƙu, minti 25. Marabtar baƙi, 10. Baiko sau uku, kowanne da kiɗansa da zagayensa, 25. Karatun nassi da waƙar shirya zuciya, 10. Fasto yakan hau mumbari wajen 11:40. Nasa wa'azin na minti 35 ne, amma da tafinta ya zama 70 ko fiye, sai a tashi gab da ƙarfe 1:00.

Yanzu a dubi wanda ke zaune yana saurare. Mai gadi ya sauka daga aiki ƙarfe 6:00 ko 7:00 na safe, bai runtsa ba, ya zo kai tsaye, ga kwano ya ɗau zafi a kansa. Barcinsa a 11:40 ba raini ga Maganar Allah ba ne, jiki ne ya karɓi haƙƙinsa. 'Yar aikin gida an ba ta izini zuwa 12:00, kuma sai ta hau mota zuwa Ikeja ko Ogba. In ta makara, Lahadi mai zuwa ba za a bar ta ta fito ba. Wasu iyalan daga Agbado da Sango Ota suke zuwa, domin haya ta kore su can, wasu 'yan acaɓa kuma sun koma bayan gari tun da gwamnatin jihar ta haramta sana'ar a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, a watan Yunin 2022. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin motar iyali guda ya kai inda ba za su iya zuwa sau biyu a mako ba. Ga irin waɗannan mutane, wa'azin Lahadi shi ne koyarwar da za su samu a makon nan gaba ɗaya, kuma an ajiye shi a lokacin da rabinsu sun tafi, sauran sun gaji.

Sautin ɗakin

Dattijon ya lura da wani abu kuma: daga inda yake zaune ƙarar Fasto ake ji, ba maganarsa ba. Lasifikoki biyun suna ajiye a ƙasa, jingine da bangon da ke bayan mumbari. Makirufo yana gabansu, don haka yana ɗaukar sautin da suka fitar ya mayar musu, sai kukan nan mai huda kunne ya tashi. Yaron da ke kan na'ura yakan rage murya don kukan ya tsaya, abin da ya rage kuma jikkunan mutanen gaba su shanye shi. Ga maɓallin amsa-kuwwa an murɗa shi sama, domin yana sa waƙa daɗi. A wa'azi kuwa ɓarna yake yi. Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan tsawon wasali da bambancin baƙaƙe kamar k da ƙ, d da ɗ. Amsa-kuwwa tana shafe waɗannan, kalmomi su manne da juna.

Gyaran bai ci kuɗi mai yawa ba. An matso da lasifikokin gaban layin makirufo da kimanin mita ɗaya, aka ɗaga su sama da kawunan masu zama, aka ɗan sunkuyar da fuskarsu zuwa tsakiyar ɗaki. An ƙara wata ƙarama a rabin tsawon ɗakin, da murya ƙasa-ƙasa, saboda na baya. An koya wa mai na'ura ya kashe amsa-kuwwa gaba ɗaya da zarar mawaƙa sun zauna, ya kuma rage kaurin sauti. Fasto da tafinta kowa ya samu nasa makirufo, a riƙe shi kamar yatsu huɗu daga baki, a daina miƙa wa juna guda ɗaya. Batirin makirufo marar waya kuma a canza shi kafin sujada, kada a jira ya fara yankewa.

Janareta yana ajiye ne dab da taga, saboda wayarsa gajera ce. Ban da ƙara, hayaƙinsa yana shigowa, kuma a cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, mai kawo ciwon kai da kasala, wadda a rufaffen wuri takan yi kisa. An sayi waya mai kauri aka matsar da shi kimanin mita shida, bakin hayaƙin yana kallon waje. Ruwan saman Yuni da Yuli a kan kwano ba shi da magani sai silin, kuma wannan yana jiran rubutaccen izinin mai gida. Kafin nan, in ruwa ya yi ƙarfi Fasto yakan tsaya, a rera waƙa ɗaya, in ya lafa ya maimaita jimlarsa ta ƙarshe ya ci gaba. Yin ihu a kan ruwa ba ya haifar da komai sai dishewar murya.

Lasifikar da aka ɗaure a waje kuma an sauke ta. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade ƙara a unguwannin zama da desibel (ma'aunin ƙara) 55 da rana, 45 da dare, kuma a 2016 ta rufe majami'u 70 da masallatai 20 saboda hayaniya. Akwai kuma dalilin maƙwabtaka. Agege tsohon zangon Hausawa ne tun zamanin fataucin goro, yawancin mutanen lungun Musulmi ne, kuma duk kalmar da ta fita ta wannan lasifikar kowa yana jin ta. Dattawa suka ga ya fi kyau wanda zai ji wa'azi ya shigo da ƙafarsa, a kuma tashi tun kafin azahar.

Tafinta

A nan ne mafi yawan ɓarnar take, kuma ba laifin matashin ba ne. Ba a taɓa gaya masa nassin ba sai ya ji shi tare da kowa. Fasto in ya ɗau zafi yakan jero jimla biyar ko shida kafin ya tsaya, tafinta ya riƙe biyun ƙarshe, ya cike sauran da nasa. Sannu a hankali sai aka samu wa'azi biyu a mumbari ɗaya, masu jin harsunan biyu suna ta mamaki. In Fasto ya karanta aya, tafinta yakan fassara ta da ka, ta fito daban da abin da ke cikin Littafin Turancin da ke hannun matasa. Karin magana kuwa, wanda shi ne gishirin wa'azin Hausa, nan yake tsaya masa a wuya. In aka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, babba ya gane ana maganar rabuwar kan ma'aurata ko ta 'yan'uwa. In aka juya shi kalma da kalma, yaro ɗan Agege ƙadangare kawai ya gani.

Dokokin da aka sa su ne waɗannan. Nassi da jigon wa'azi su isa hannun tafinta ranar Alhamis. Ranar Asabar su zauna minti 20 shi da Fasto, su bi karin maganar da za a yi da kalmomi masu nauyi, su yarda a kan yadda za a faɗe su. Ayoyin da za a karanta a sa musu alama a Littafin Turanci, a karanta su daga can. A mumbari, Fasto ya faɗi tunani ɗaya cikakke, kalma 10 zuwa 15, ya tsaya. Tafinta ya yi magana da bakin mai wa'azi, ba ya cewa "Baba Fasto ya ce", ba ya ƙari, ba ya ɗaga murya sama da ta mai wa'azin, kuma Turancinsa ya zama mai sauƙi, irin wanda ɗan firamare zai gane. An gwada wata hanya ta biyu, inda Fasto zai yi minti bakwai da Hausa zalla sannan tafinta ya taƙaita. Manya sun fi jin daɗinta don wa'azi yana gudana, amma minti bakwai ya isa matashi ya ciro wayarsa. Aka koma jimla da jimla, da sharaɗin cewa wa'azin da aka shirya na minti 15 ne, domin da tafinta ya zama 30. Minti 15 a tafiyar mai wa'azi bai wuce kalma 1,500 zuwa 1,800 ba. Wannan lissafin ne ya fi yi wa Fasto wuya ya karɓa, kuma shi ne ya gyara wa'azinsa.

Hausa biyu a ɗaki ɗaya

Fasto mutumin ƙasar Zazzau ne, Hausarsa mai zurfi, ga kalmomin makarantar tauhidi. Jama'arsa kuwa da yawa Hausar kasuwa da ta majami'ar ƙauye suke ji. Wata uwa daga Adamawa za ta iya shekara 20 tana jin "baratarwa" ba tare da ta san abin da ake nufi ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba. Ba a ce a zubar da kalmomin ba, domin suna cikin Littafi, amma kowacce in ta zo sai a ba ta hoto daga rayuwar da aka sani. Fansa: ka ba da babur ɗinka jingina, ka kasa biya, wani ya zo ya biya ya karɓo maka. Baratarwa: alƙali ya dube ka a gaban jama'a ya ce ba a bin ka laifi. Alheri: abin da aka ba ka ba don ka yi aikinsa ba, saɓanin albashin ƙarshen wata. Wannan na ƙarshe yana bukatar kulawa, domin a bakin mutane alheri yakan nufi 'yar kyautar da aka yi wa wanda ya kyautata, wato kusan akasin abin da nassi ke nufi.

Karatun nassi ma yana da nasa. A da, a take ake nuna mutum a ce ya tashi ya karanta, sai a ji "ƙasa" ta zama "kasa", "ɗa" ya zama "da", "ƙarya" ta zama "karya". Ga fassara iri uku a ɗakin: tsofaffi da ta 1932, wasu da wadda Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Najeriya ta fitar daga baya, matasa kuma da wata a waya. In aka ce a karanta tare, babu abin da ke fita sai gunaguni. Aka zaɓi fassara ɗaya ta mumbari, aka sayo kwafi goma daga ƙungiyar, aka kuma tsayar da masu karatu huɗu da ake ba su nassi tun Alhamis su bi shi da murya a gida.

Shi kansa wa'azin

Da aka duba takardun Fasto na watannin baya, sai aka ga yakan ɗauki jigo, kamar "nasara" ko "buɗi", ya jero ayoyi takwas ko tara daga littattafai daban-daban. Kafin mai karatu a hankali ya nemo ta biyu, an wuce ta huɗu. Akwai kuma matsin da kowane ƙaramin fasto a Legas ya sani: jama'arsa suna kallon manyan majami'u a talabijin da waya, inda ake alkawarin cewa wannan shekarar ta kowa ce, shi ma sai ya ji kamar in bai yi irin wannan ba za a ce ba shi da wuta. Amma mai gadin da aka riƙe wa albashin wata biyu, in an yi masa alkawarin mota sau goma bai gani ba, ba Fasto kaɗai zai daina gaskatawa ba. Wannan hasara ce babba, kuma mumbari ne ke jawo ta.

Tsarin da aka koma shi ne nassi ɗaya, aya 8 zuwa 15. Ranar Litinin Fasto ya karanta shi da murya sau uku da Hausa. Ranar Talata ya rubuta saƙon a jimla ɗaya da za a iya faɗa wa yaro. In jimlar ta ƙi fitowa, shiri bai yi ba tukuna. Ranar Laraba a karanta nassin a wurin nazari ba tare da bayani ba, ya saurari inda mutane suka yi tuntuɓe, domin nan ne wa'azin zai daɗe.

Misali mai kyau shi ne Irmiya 29:4-14, wasiƙar da annabin ya aika wa mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila. Kowa ya san aya ta 11, mai maganar shirin alheri da Allah yake da shi, amma kaɗan ne suka karanta abin da ya zo kafinta. Jimlar Fasto ita ce: Allah ya ce wa baƙi su zauna, su yi aiki, su yi wa birnin addu'a, kuma bai manta da su ba. Ya tsaya a wuri uku. A aya ta 5 da ta 6, inda aka ce su gina gidaje su dasa gonaki su yi aure, ya yi magana da wanda ya shekara 15 a Legas yana zaman gobe-zan-koma, bai sa yara makaranta da kyau ba, bai shiga adashi ba, bai kafa komai ba. A aya ta 7 ya sa aka yi addu'a a take domin Legas, domin mai gidan haya, domin maƙwabta Yarbawa da Hausawa. A aya ta 10 ya nuna cewa shekara 70 aka ambata, wato alkawarin gaskiya ne amma ba na ranar Juma'a mai zuwa ba. Akwai rami ɗaya da sai an kauce masa. A ɗakin akwai waɗanda suka gudo daga Borno da arewacin Adamawa a 2014, shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. Kwashe mutanen Yahuza hukunci ne bisa zunubinsu. In mai wa'azi bai fito fili ya ce gudun hijirar waɗannan ba irin wancan ba ne, wata gwauruwa za ta koma gida tana zaton Allah ne ya hore ta. Fasto ya faɗi wannan da Hausa, ya sa tafinta ya maimaita shi a hankali.

Haka Zabura 130:6, mai kwatanta jiran Ubangiji da yadda masu tsaro ke jiran wayewar gari, ba ta bukatar dogon bayani a gaban masu gadi. Yakubu 5:4, a kan hakkin ma'aikata da aka danne, ana yin ta da sanin cewa a cikin jama'ar akwai waɗanda su ma suke da yaran shago.

Kalanda ma ta shigo ciki. Daga Janairu zuwa Afrilu ɗakin ya fi cika, don haka nan ake bin littafi guda mako-mako. Da damina ta sauka a Arewa maza da yawa sukan tafi noma, sai a koma wa'azin da kowanne ke tsaye da kansa. Godiyar shekara ana yin ta a Nuwamba, domin a Disamba rabin ikkilisiya tana hanyar gida.

Sabon tsari da abin da ya jawo

Ana farawa 9:00 da duk wanda ya zo. Addu'a, waƙa ɗaya daga littafi, ƙungiya ɗaya bisa juyi, Zumuntar Mata, karatun nassi, sai wa'azi daga 9:35 zuwa 10:05. Bayansa addu'a, baiko, sanarwar da ba ta wuce minti bakwai ba, marabtar baƙi, albarka wajen 10:45. Sauran sanarwa magatakarda yana aika ta da murya ta WhatsApp, saboda waɗanda ba sa karatu. Baiko ya zama fita ɗaya da kwanduna uku: na baiko, na zakka, na haya. Mutum uku ke ƙirgawa, ɗaya ba dattijo ba, su rubuta su sa hannu kafin kuɗin ya bar ɗakin. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 wasu ta waya suke turowa, don haka asusun banki da sunan ikkilisiya yake, da sa hannun mutum biyu. Kuɗin hayar shekara, wanda ake biya dunƙule, an raba shi gida 52 ana sanar da abin da ake bukata kowane mako.

Zumuntar Mata ce ta fi jin zafin canjin, kuma tana da hujja. Shugabarsu ta tuna wa Baba Fasto da dattawa cewa mata da yawa a cikin waƙa suka haddace Maganar Allah, da tulu da caki, ba a takarda ba, kuma su ne masu zuwa asibiti da gidan makoki. Rage waƙarsu rage koyarwa ne. Aka daidaita cewa su kaɗai ke da wuri kowace Lahadi, dab da wa'azi, kuma ana ba su nassin mako guda kafin nan domin waƙar ta bi shi. Lahadin ƙarshen wata kuma bayan albarka fili na ƙungiyoyi ne, mai sauri ya tafi, mai lokaci ya zauna.

Makonnin farko waɗanda suka saba isowa ƙarfe 10:00 sun tarar ana rufe wa'azi, suka yi ƙorafi. Dattawa ba su janye ba, kuma yawancinsu sun gyara fitowa. Masu wa'azin da ake gayyatowa sun fi wuyar sha'ani, domin kunya ba ta bari a tsayar da babba a mumbari. Yanzu ana rubuta minti 15 da dalilinsa a cikin wasiƙar gayyata, a kuma nemi nassinsu tun Alhamis kamar kowa. 'Yan aikin gida suna jin wa'azi har ƙarshe, kuma ranar Laraba ana samun masu faɗin nassi da jimlar. Gyangyaɗi ya ragu, bai ƙare ba, mai gadi dai mai gadi ne.

Kuskure ɗaya da aka yi shi ne dogara da tafinta guda. Da ya samu aiki a Ajah ya daina zuwa, aka yi Lahadi uku ba mai fassara, matasan da suka fara dawowa suka sake ja da baya. Yanzu mutum biyu ake horarwa, saurayi da budurwa, suna karɓa-karɓa, wanda ba ya kan aiki yana zaune a baya yana rubuta inda aka yi tuntuɓe.

Maganar yara ce ba ta warware ba. Ana yin ajin karatun Hausa na minti 20 bayan sujada, a ƙarƙashin rumfa a waje, da Littafin Waƙoƙi a matsayin littafin koyo, tunda sun riga sun san muryoyin. Masu zama ba su da yawa, domin iyayen da suka zo daga Sango Ota suna saurin kama mota. Matasa sun sake rubuta wa dattawa suna neman a ba su Lahadi ɗaya a wata da za a yi wa'azi da Turanci a fassara wa manya da Hausa, kuma an sa maganar a jerin abin da za a tattauna a taron 'yan ikkilisiya na gaba, bayan batun silin da sabunta haya.